Wasanni Da Kaɗe-Kaɗe A Garin Funtuwa: Jiya Da Yau

Ina miƙa godiya ga kwamitin wannan mujalla da ya ba ni fili a fitowar bana. A duk shekara mukan karanta batun hanya da ruwan sha da makarantu da asibiti, kuma haka ya dace, domin don su aka kafa ƙungiya. To amma gari yana da wani arziki da ba a aunawa da buhun siminti, wato abin da yake tara jama'arsa wuri guda su yi raha, su ji waƙa, su ga an kwaikwayi halinsu su yi dariya, su koma gida sun ƙaru. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan arziki a garinmu, ta nuna abin da ya raya shi da abin da ya kwantar da shi, domin 'yan'uwa mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Ikko su ga inda hakkinsa ya rataya a wuyansu.

Yadda garin ya tara jama'a

Makaɗi ba ya zama inda babu jama'a, jama'a kuma ba sa taruwa inda babu abin nema. Saboda haka tarihin wasa a Funtuwa ya fara ne daga tarihin kasuwarta. Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Maska ta yi suna wajen noman auduga da saƙa da rini. Da Turawa suka zo, sai suka ga ƙasar ta dace da audugar da masaƙun Ingila suke buƙata. Kamfanin B.C.G.A., wanda bakin mutanenmu ya mayar Bisije, ya kafa injin gurzar auduga a nan. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta dire a Ƙauran Namoda a 1929. Mazaunin Sarkin Maska ya dawo Funtuwa, hanyoyin mota na Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari suka haɗu a cikinta.

Daga nan garin ya zama matattara. Ga 'yan ci-rani, ga lebura masu ɗaukar dilar auduga, ga direbobi da 'yan kamasho, ga ma'aikatan reluwe daga kudu, ga fatake da dillalai. Idan kaka ta yi aka buɗe kasuwar auduga, manomi yakan riƙe fam da sule a hannunsa, abin da bai gani ba tun da damina ta faɗi. A lokacin ne ake ɗaurin aure, a lokacin ne ake ɗinkin sababbin riguna, a lokacin ne kuma makaɗa da maroƙa da masu wasa suke kwararowa daga ko'ina. Duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa ƙaramin gari kamar namu ya riƙe manyan mawaƙa, to ya fara duba kasuwar auduga da tashar mota.

Wasannin da muka gada

Tun kafin a san wani abu wai shi dandamali ko labule, Bahaushe yana da wasan kwaikwayonsa. Mafi shahara shi ne tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma. Bayan an sha ruwa an yi asham, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje, daga Maƙera zuwa Jabiri, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Kayan wasan duk na gida ne: gemun auduga, tsummokara, gwangwani a madadin ganga, baƙin tukunya a madadin kwalli. Wani ya fito a tsoho mai dogara sanda, wani a Jatau mai magani da tarkacen saiwoyi a kafaɗa, wani a Macukule. 'Yan mata kuwa sukan kwaikwayi zaman aure, yadda amarya take ladabi da yadda kishiyoyi suke zaman doya da manja. Manya ma ba a bar su a baya ba, domin akwai tashen gwauro, inda ake zagayawa da wanda ya ƙi aure ko wanda matarsa ta fita bai mayar da gurbinta ba, ana yi masa ba'a har ya ji kunya ya nemi abokiyar zama.

Abin lura a nan shi ne, tashe yana ba yaro damar da ba shi da ita a sauran watanni goma sha ɗaya. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi dattijo, a daren tashe zai tsaya a tsakar gidan dattijon ya kwaikwayi marowaci, ko malamin da yake faɗa ba ya aikatawa, ko maigidan da ya tara mata ya kasa ciyar da su. Maigida ya yi dariya, ya sa a ɗebo gero ko ya miƙa kwabo, amma saƙon ya riga ya shiga. Hausawa suka ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma ba wawa kaɗai ba, har mai hankalin da babu mai iya tararsa gaba da gaba.

A ƙauyuka kuwa, bayan an kammala girbi, samari sukan shirya kalankuwa. A nan ake naɗa Gwamna da Razdan da Di'o da Alƙali da likita da 'yan doka, duk a cikin samarin gari, a gayyato samari da 'yan matan maƙwabta, a kwana ana kiɗa. Wanda ya karya dokar wasa a gurfanar da shi gaban alƙalin wasa a ci shi tara. Talakan da ya sha biyan haraji da jangali ya sami kwana biyu ko uku yana kallon mulki a hannun ɗansa, yana dariyar yadda Di'o yake tafiya da yadda yake karya Hausa. Sai kuma dandali, inda 'yan mata suke gaɗa a farin wata, mai kalangu yana kiɗa, samari suna tsaye a gefe. Aure da yawa na iyayenmu a nan aka ƙulla shi, a idon jama'a.

Masu ban dariya na kasuwa

Ranar kasuwa tana da nata 'yan wasan, waɗanda sana'arsu ke nan, da ita suke ci da iyalinsu. 'Yan kama sukan yi shigar malamai, su zauna da natsuwa kamar za a buɗe karatu, sai ka ji duk bayanin ya koma kan tuwo da miya da fura. Sukan ɗauki waƙar wani babban mawaƙi su juye ta, inda ya yabi sarki su yabi malmala, inda ya zagi maƙiyi su zagi yunwa. Wannan aiki ne mai wuyar gaske, domin sai mutum ya haddace waƙar asali, ya san karinta, kana ya iya ɗora tasa a kai ba tare da ta karye ba.

'Yan gambara su kuma tafe suke suna kiɗa suna zambo, ɗaya ya jefa magana ɗaya ya cafe. Harshensu yana da kaifi, sau da yawa har yakan gangara cikin batsa, shi ya sa dattijo yakan yi sauri ya sallame su kafin su buɗe baki a gaban surukinsa. Ga gardawa masu wasa da kura da maciji, ga 'yan tauri da wuƙaƙensu, ga 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jiki. Da la'asar kuma a koma filin dambe, inda mahauta suke da gado, kalangu yana kiran kowane ɗan dambe da takensa. Babu ƙofa, babu tikiti a mafi yawan waɗannan wasanni. Jama'a su yi da'ira, wanda ya ji daɗi ya sa hannu a aljihu. Ɗan wasan da bai iya ba kuwa, a take zai gane, domin da'irar za ta watse ta bar shi.

Shata da Barmani

Ba za a yi maganar kiɗa a Funtuwa a tsallake Alhaji Dakta Mamman Shata ba. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi tallar goro kafin waƙa ta rinjaye shi, daga baya ya zauna a Bakori. Tauraronsa ya haska a Kano a 1952, wajen bikin 'yan sarki. Da ya so, da ya tare a Kano ko Kaduna, inda manyan attajirai da gidajen rediyo suke. Amma Funtuwa ya zaɓa ta zama mazauninsa na kimanin shekara 40. Daga nan hanya take buɗe masa ta kowace kusurwa, a nan kuma yake da jama'ar da suka san darajarsa: direbobi, 'yan kasuwa, dillalan auduga da manoma.

Waɗanda suka ga wasansa da idonsu sun san abin da faifai ba ya iya ɗauka. Makaɗan kalangu a tsaye, 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙa, shi kuma yana ƙirƙirar ɗiyan waƙar nan take, gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya faru a wurin. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi, ya yi wa sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi wa noma, har kumbon da Amurka ta aika duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Ana son yabonsa, ana kuma tsoron zambonsa, kuma wannan tsoro ya hana mutane da yawa aikata abin kunya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A jamhuriya ta uku ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Allah Ya jiƙansa.

A ɓangaren mata kuwa, Allah Ya ba mu Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, 'yar ƙasar nan, haifaffiyar Gwaigwaye. Kiɗanta shi ne amada, kiɗan ƙwarya na cikin gida, wanda mata suke yi wa mata a wajen biki da suna. Kayan kiɗan ƙore ne kawai, wasu a kife a ƙasa, wata a kife a kan ruwa, ana bugunsu da 'yan sanduna. Da wannan kaya mai araha Barmani ta fitar da zancen da mata suke yi a ɗaka ta kai shi bainar jama'a: kishi, haihuwa, halin maza, da uwa uba kiran mata su kama sana'a kada su zauna jiran abin hannun miji. Abin da hukumomi suka zo daga baya suna shirya wa taron bita, ita ta daɗe tana faɗarsa da ƙwarya, matan kuma suna rawa suna ji. Ta rasu a 2013. Allah Ya gafarta mata.

Majigi, makaranta da rediyo

Wasan kwaikwayo irin na zamani ta ƙofa uku ya shigo mana. Ta farko ita ce majigi, motar hukuma mai yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a fili da daddare a nuna wa jama'a tsafta da allurar rigakafi da noman zamani. Dattawanmu har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka shirya don koyar da noman auduga da gyaɗa. Bayan majigi sai gidan silima da finafinan Indiya.

Ƙofa ta biyu ita ce makaranta. Tun a shekarun 1930 aka fara buga wasannin Hausa a Zariya domin 'yan makaranta. Daga baya aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammadu Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A kwalejojin horon malamai ana koya wa ɗalibi yadda zai shirya wasa da yara, domin an ɗauke shi ɓangare na aikin koyarwa. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yawaita, wannan al'ada ta bazu har ƙauyuka. Mu da muka yi aikin a wancan lokaci mun san yadda ake yi. A haɗa tebura a yi dandamali, a rataya zannuwan gado a yi labule, a aro babbar riga da rawani a gidan mai unguwa. Ranar rabon kyaututtuka iyaye su cika harabar makaranta. Uban da ya yi niyyar cire 'yarsa daga aji shida, idan ya ga an kwaikwayi irinsa a gaban hakimi jama'a suna dariya, sau da yawa yakan sake shawara. Yaron da ba ya iya buɗe baki a aji kuma, a kan teburan nan yake koyon tsayawa gaban jama'a. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata, a nan suka fara magana a gaban taro.

Ƙofa ta uku ita ce gidan rediyo da talbijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962. Ta nan muka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da Ƙarambana na Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Samarin gari suka riƙa koyi da su, suna kafa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na sa kai, suna nunawa a lokacin bukukuwan salla da tarurrukan hukuma.

Abin da ya kawo ja baya

Shekarun 1970 su ne ganiyar wannan harka. Naira ta shigo a 1973, kuɗin man fetur ya yawaita, aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun, aka kafa masaƙa a 1978. Albashi da kuɗin amfanin gona suka haɗu a gari ɗaya, makaɗi da ɗan wasa suka sami rabonsu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka fara juyawa. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga, manomi ya rasa tabbacin farashi da na iri. Jirgin ƙasa ya yi ta raguwa har ya ɗauke ƙafa. Masaƙun Kaduna da Kano da suke shan audugarmu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aljihun da yake yi wa makaɗi liƙi ya bushe.

Sai kuma na'ura ta shigo. Kaset ya sa mutum yana iya jin Shata a ɗakinsa ba tare da ya gayyato shi ba. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafawa a matsayin farkon finafinan Hausa na bidiyo, daga nan samarin da suke da basirar wasa suka fuskanci Kano da Kaduna. Dariyar da ake nema wurin ɗan kama aka koma nemanta wurin marigayi Rabilu Musa Ibro. Kiɗan fiyano ya maye gurbin kalangu a gidan biki, daga baya wayar hannu ta zo ta raba kowa da kowa, kowane yaro da nasa kallon a tafin hannunsa.

Akwai kuma gyaran da addini ya kawo. Wa'azi ya yawaita, kuma a 2000 Jihar Katsina ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Babu mai hankalin da zai yi kukan rabuwa da batsa da mashaya da cakuɗuwar da ba ta dace ba. Sai dai wajen share dauɗar an haɗa da abubuwa masu tsafta, irin su gaɗar 'yan mata da wasan makaranta da tashen yara, waɗanda malamanmu na da suka gani suka kyale. A makarantu kuma cunkoson aji da ƙarancin malamai suka sa aka bar duk abin da ba ya cikin jarrabawa. Na baya-bayan nan shi ne rashin tsaron da ya addabi kudancin jihar a 'yan shekarun nan, wanda ya sa taron dare ya zama abin tsoro a ƙauyuka da yawa, iyaye kuma suka daina sakin yara su yi nisa da gida bayan isha'i.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna mana abu guda a fili. Wasa da kiɗa a Funtuwa ba su taɓa rayuwa da kansu ba. Kullum akwai mai ɗauke da su: manomin da ya sayar da auduga, direban da ya dawo daga Ikko, maigidan da ya ɗebo gero ya ba 'yan tashe, hedimastan da ya ba da yammacin Alhamis don gwajin wasa. Yau ƙarfin da yake hannun waɗancan ya koma hannunku, ku da Allah Ya buɗa wa a birane. Ku ne kuke dawowa da salla, ku ne kuke aurar da 'ya'ya a gida, ku ne kuke yanke shawarar wanda za a kira ya yi wasa da wanda za a bari a ƙofar gida.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku, kuma babu wadda ta kai kuɗin kwalbati ɗaya. Ta farko, a naɗa ƙaramin kwamiti ya bi dattawan da suka rage, makaɗa da 'yan amshi da matan da suka yi amada da tsofaffin 'yan wasa, a ɗauki muryarsu da hotonsu tun suna raye, a kuma tattara tsofaffin faya-fayai da kaset da hotuna da suke lalacewa a akwatunan gidajenmu, a ajiye su wuri guda. Ta biyu, a sa kofi da 'yar kyauta don gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantun firamare da na sakandare, a riƙa yin ta ƙarshe da rana a cikin hutun salla, lokacin da 'yan gari suke gida, tare da shawarar malamai da iyayen ƙasa a kan abin da za a nuna. Ta uku ba ta buƙatar kwamiti: duk wanda zai yi biki a gida, ya tuna da masu kalangu da masu ƙwarya na gari, ya ba su fili ko na awa ɗaya ne, ya sallame su da mutunci.

'Ya'yanku da aka haifa a Abuja da Ikko sun san sunan Shata, amma da yawansu ba su taɓa ganin an ɗaure kalangu ba, ba su kuma taɓa tsayawa cikin da'irar 'yan kallo ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ƙara haɗa kan 'ya'yan wannan ƙungiya, amin.